Zanen da Bahago Ya Bari

Wata uku bayan rasuwar Bahago matarsa ta kira ni. Ina shago ina kwance wata tsohuwar kwamfuta wayata ta yi ƙara, na duba na ga lambarsa. Sai da ta kusa yankewa kafin na ɗauka.

"Injiniya, ni ce," in ji ta. "Da wayarsa nake amfani, ka yi haƙuri. Akwai aikin da ya fara bai gama ba. In ka samu sarari ka zo ka duba."

Na ce to, ranar Asabar da safe.

Shekara bakwai muka yi da Bahago a shago ɗaya. Aikinmu harhaɗa kwamfutoci ne, irin manyan nan da ruwa ke sanyaya su. Ruwan yana fita daga ƙaramin tanki, famfo ya tura shi cikin bututu, ya bi ta kan sassan da ke ɗaukar zafi, ya shiga lagireto ya huce, ya dawo. Bahago ne ya koya min aikin. Ni ina da saurin hannu, shi kuma yana da haƙurin tsara inda kowane abu zai zauna kafin a taɓa sukundireba.

Rabuwarmu ba ta yi daɗi ba. Injin wani mai haɗa bidiyo ya yi yoyo, ruwa ya sauka kan katin hoto, sashen nan mai tsada da ke fitar da hoto a allo, ya ƙona shi. Mutumin ya zo yana kumfar baki, ni kuwa a gabansa na ce tsarin Bahago ne ya yi kwana-kwana da yawa. Alhali ni ne ban ɗaure wani noti ba, kuma na san haka tun kafin in buɗe baki. Bahago ya dube ni kawai. Bayan sati ya kwashe kayan aikinsa ya koma gida. Shekara biyu ba mu yi magana ba. Da na ji ba shi da lafiya na ce gobe zan je, jibi zan je, har aka kira ni jana'iza.

Matarsa ta buɗe min ƙofa ranar Asabar ɗin. Mace ce gajeruwa, mai zanen gine-gine, ta rame sosai. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya, ta kai ni ɗakin da ke ƙarshen baranda.

"Tun da ya tafi ban taɓa komai ba," ta ce. "Shara kawai nake yi."

Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, labule a zuge rabi. Kujerarsa tana nan a karkace kamar ya tashi ɗauko ruwa, matashin ya lotsa ta hagu. Tabaransa a kan tebur, kusa da fensirin da ya cinye wa gindi da haƙori. Akwatin kwamfutar yana tsakiyar teburin, baƙi, babba, babu komai a ciki sai guntayen kwali da aka manna da salatif. Haka yake yi kullum: ya yanko kwali daidai girman lagireto, daidai girman tanki da famfo, ya yi ta jujjuya su a cikin akwati har sai ransa ya kwanta. Ainihin kayan suna jere a ƙasa cikin kwalayensu, ba a ko buɗe ba.

"Kwamfutar tawa ce," ta ce. "Wadda nake aiki da ita in ta ɗauki zafi ihu take kamar injin niƙa, kaina ya yi ta ciwo. Ya ce zai haɗa min wadda ba zan ji motsinta ba."

Ta tafi ta bar ni. Na jawo wani benci na zauna, don ban iya hawa kujerar ba.

Da na leƙa cikin akwatin sai na ga tsarin bai yi min ba. Tankin ruwa ya kamata ya zauna a baya kusa da famfo, bututu ya yi gajere, aiki ya fito tsaf. Bahago ya kawo shi gaba, dab da murfin gilashi, ya kuma saukar da shi ƙasa. Bawul, wato makunnin da ake murɗawa a zubar da ruwa, wanda kowa ke ɓoyewa a baya, ya sa masa alama a gaba ta dama, can ƙasa. Wannan zai ƙara dogon bututu biyu da lanƙwasa uku. Na ce a raina ko ciwon ne ya taɓa masa tunani. Ko kuwa halin bahagwanci ne, komai a juye. Amma bahago ai hagu zai kai bawul, ba dama ba.

Na ɗauki tef na auna. In na mayar da tankin baya, komai zai shiga, har da sauran wuri. Na sa hannu na ɓamɓare kwalin tankin.

A bayan kwalin akwai rubutu da fensir, irin nasa mai kwanciya baya:

"Na san za ka ce a mayar da shi baya. Bar shi a nan."

Na waiwaya. Wallahi sai da na waiwaya na dubi kujerar. Babu kowa, sai labule da iska ke ɗan motsawa, da ƙarar kwanuka daga kicin. Na daɗe riƙe da kwalin. Babu suna a jiki, amma mutum ɗaya ne a duniya ya shekara bakwai yana masa gardamar inda tanki zai zauna.

Na bi sauran kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Bayan na lagireton sama: "Fanka uku, iska ta fita waje. Kada ka yi rowar fanka." Bayan na famfo: "Sa masa roba a ƙasa, ba ta son ƙara." Rubutun farko ƙwaƙƙwara ne. Na baya-bayan ya fara karkarwa, haruffan suna hawa kan juna. A aljihun tebur na sami takardu biyar, zanen akwatin ne daga gefe, kowanne da kwanan wata. Na ƙarshen ya zana shi ne saura kwana tara ya rasu. A cikinsa an ja kowane bututu da jan biro, sai guda ɗaya, wanda zai dawo da ruwa daga lagireto zuwa tanki. Layin ya faro, ya yi kamar tsawon ɗan yatsa, ya tsaya.

Ta shigo da ruwan sha ta same ni a haka.

"Malama, kin san ya yi rubutu a bayan waɗannan?"

Ta ajiye kofin ta karɓi kwalin tankin. Ta karanta, leɓenta na motsi.

"Me ya sa ya kawo tankin gaba?" na tambaye ta. "Ya taɓa faɗa miki?"

Ta girgiza kai. Can sai ta zauna a bakin bencin. "Akwai ranar da ya sa ni na zauna a teburina, ya ce in miƙa hannun dama. Ya ɗauko tef ya auna daga kafaɗata zuwa yatsuna. Na ce ko tela ka koma? Ya yi dariya ya ce riga zai ɗinka min ta ƙarfe. Lokacin bai daɗe da dawowa daga asibiti ba."

Na ce ta nuna min teburin. Yana falo, a kusurwa, manne da bango. Wurin da kwamfutar za ta zauna yana damanta. Na auna daga kujerarta zuwa inda bawul ɗin zai faɗo. Tsawon hannunta ne cif.

Irin wannan injin duk shekara sai an zubar da ruwansa an zuba sabo. In tanki da bawul suna baya, sai an jawo akwatin daga bango, an karkata shi, an jijjiga, kuma in ya cika da kaya da ruwa ƙato ma sai ya yi nishi. Da tsarin Bahago kuwa tana zaune za ta sa kwano, ta murɗa bawul, ta buɗe gilashi ta cika tanki. Ba sai ta nemi kowa ba.

Na bayyana mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ashe ya sani tun lokacin. Ni yana ce min sauƙi yake samu."

Muka koma ɗakin. Ban shirya faɗa ba, maganar ce ta fito da kanta. Na ce, "Malama, injin nan da ya raba mu, ni ne ban ɗaure notin ba. Ba tsarinsa ba ne."

"Na sani," ta ce. "Ranar ma ya faɗa min."

"Kuma ya ce ki kira ni?"

"Bai ce ba. Na tambaye shi wa zai ƙarasa in jikin ya hana shi, ya ce mai ƙarasawa ya san kansa. Wata uku ina jiran ka zo da kanka."

Na sunkuyar da kai. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ɗauki kofin da ban sha ba ta fita.

Na mayar da kwalin tankin inda yake. Yinin ranar kaf a kan bututun nan ɗaya da bai gama ba na yi shi. Hanya biyu ce: ko ya sauko kai tsaye ta gaban katin hoto, ko ya bi ta sama ya zagayo ta gefe. Ta farkon ta fi sauƙi, amma bututun zai tare mata bakin tanki in ta zo zuba ruwa. Na lanƙwasa wayar ƙarfe na gwada, na cire, na sake gwadawa. Sau biyu na ji kaina ina tambaya da ƙarfi, "Nan ko can?" kuma ina dakatawa kamar mai jiran amsa. A ƙarshe na zaɓi ta zagayen. Na ɗauki jan bironsa na ƙarasa layin a kan takardar. Nawa ya fi nasa kauri, ana ganin inda ya tsaya da inda na kama.

Asabar uku na yi ina zuwa. Na ɗora sassan, na gasa bututan na lanƙwasa su, biyu suka lalace na sake. Kowane noti sai na ɗaure, na bi shi da yatsa, na dawo na sake bi. Ranar da na zuba ruwa ban kunna kwamfutar ba, famfon kawai na ba wuta, na shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin kowace mahaɗa, na ce a bar shi yana juyawa har gobe a ga ko zai ɗiga.

Washegari da hantsi na dawo. Takardun a bushe suke. Ruwan yana zagayawa, kumfar ta lafa, famfon yana wani siririn gunji da sai ka kasa kunne za ka ji.

Tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Jiya da la'asar ina yanka albasa na jiyo gunjin daga kicin, sai na ji kamar shi ne a ɗakin yana aiki. Har na ɗora ruwan shayi na ɗauko kofi biyu."

"Zan iya rage masa gudu," na ce. "Ba za ki ji komai ba sam. Abin da ya so ke nan."

Ta dubi ruwan yana zagayawa.

"Bar shi haka tukuna," ta ce. "Zo ka kama min mu kai shi falo."