Tukunyar Baba Thoya

An gama gyaran akalar jirgin tun ranar Juma'a, amma har yau tana jingine a jikin darbejiya, domin a duk ma'aikatan garejin ba a sami wanda zai shiga ƙarƙashin jirgin ya mayar da ita ba.

Abin ya faro ne ranar Laraba da safe, a wani ƙaramin garejin gyaran jiragen ruwa da ke bakin mashigin Kilifi. Jirgin na wata Baturiya ne 'yar Afirka ta Kudu, Ronel Fourie, irin mai tafiya da iska wanda mutum ke kwana ya tashi a cikinsa. Tana hanyar tsibiran Seychelles ta daki dutse, sandar ƙarfen da ke riƙe da akalar ta lanƙwashe. Akalar ita ce faffaɗan allon da ke ƙarƙashin ruwa ta baya, wanda ke juya jirgi.

Da teku ta cika, aka tura amalanken ƙarfe cikin ruwa, jirgin ya hau, Kitsao direban tarakta ya jawo shi tudu. Garejin ba shi da injin ɗaga jirgi sama. In za a zare akala, rami ake haƙawa a ƙarƙashinta, a sauke ta ciki. Filin kuwa kusan duk dutse ne da siminti, sai wurare biyu masu taushi: bayan shagon walda, da gindin darbejiya.

Shugaban ma'aikata, Zakayo Thoya, ya ɗaga hannu yana nuna bayan shagon walda. Kitsao ya gyaɗa kai, ya wuce kai tsaye zuwa darbejiya, ya kashe injin.

"Kai! Ina na nuna maka?"

"Baba, rana ce ta kashe min ido. Kuma nan da inuwa. Madam ba ta son zafi."

Ronel ta ce lallai ta fi son inuwa. Kafin Thoya ya sami abin faɗa, ma'aikata sun tokare jirgin da gumagumai sun janye amalanken, da saurin da bai taɓa gani a wurinsu ba.

Thoya ya haura sittin, kuma ranar Lahadi za a naɗa shi dattijon cocinsu. A watan jiya shi ya jagoranci ƙona layu da ƙahoni a ƙauyensu, har da na kakan Kitsao, ya kuma yi wa'azi cewa mai dogara da tukunya bai san Allah ba. Abin da bai faɗa a wa'azin ba shi ne, shekarun baya, bayan wani jirgi ya zame ya karya wa mutum ƙafa, ya je wurin wani tsoho a Kaloleni ya karɓo tukunyar kafi, ya binne ta a gindin darbejiyar nan, zurfin gwiwa. Tun daga lokacin ko yatsa ba a sake rasawa a garejin ba. Thoya yana zaton shi kaɗai ya san zancen. Mai gadin wancan zamanin ya gan shi, ya gaya wa mutum ɗaya, mutum ɗayan kuma mai shayi ce.

Don ya hana haƙan, Thoya ya fara da cewa akwai bututun ruwa a wurin. Athumani mai walda ya ce shi ya shimfiɗa bututun da hannunsa, ta bayan ofis ya bi. Thoya ya ce saiwar bishiyar za ta hana haƙa. Kitsao ya kawo gatari. Daga nan sai Thoya ya je wurin Ronel ya ce a ganinsa lanƙwasar ba ta yi muni ba, ana iya lallaɓawa a haka.

"Har Seychelles?" in ji ta. "Jiya kai ka ce ko gadar Kilifi ba zan wuce ba."

"Jiya ban duba da kyau ba."

"Fasto, zauna ka huta," in ji Athumani. "Haƙa aikin yara ne. In mun ci karo da wani abu za mu kira ka ka yi masa addu'a."

"Wane abu?"

"Oho. Ƙasa ce, me ba ta haɗiyewa?"

Mwanahawa mai shayi, wadda kullum ke zama a bakin ƙofa, ranar ta ɗauko teburinta da mandazinta, wato fankensu na can, ta dawo gindin darbejiya. Masunta biyu suka bar ragarsu suka zo. Can sai ga matar mai wa'azin cocin, ta ce kifi ta zo saya, aka ba ta benci. Thoya ya gaishe ta, ya zauna a kan wani bokiti, ya ɗora hularsa a gwiwa.

Kitsao ne ya karɓi shebur. Yana haƙa a hankali kamar mai tonon rogo, kowane cokali sai ya watsa shi a gaban jama'a ya baje da ƙafa. Da ramin ya kai gwiwa, shebur ya daki wani abu, ƙwas. Matar mai wa'azi ta miƙe tsaye. Kitsao ya sa hannu ya zaro tsohuwar kwalbar soda.

Ya ci gaba. Ramin ya kai ƙugu. Ya faɗaɗa shi hagu, ya faɗaɗa shi dama, fiye da yadda kowace akala ke bukata, har Ronel ta tambaya ko kabari suke yi wa jirginta. Ramin ya kai ƙirji. Yashi ne, da saiwa, da ɓawon kawa. Babu tukunya, babu ko tsingaro.

Matar mai wa'azi ta tafi ba ta sayi kifin ba.

Thoya ya miƙe ya sa hularsa. "To, 'yan kallo, an tashi. Kitsao, fito, ka ɓata mana rana." Ya sauka ramin da kansa, kamar yadda ya saba, ya sa aka kwance ƙusoshin daga sama, ya tallafi akalar da kafaɗa ana sassauta igiya har ta sauka. Yana ba da umarni yana ɗan rera waƙar coci.

A tsakiyar waƙar wani gungume ya yi ƙara, irin ƙarar da gumagumai ke yi kullum in nauyi ya zauna a kansu. Thoya ya ɗaga kai ya dubi ƙasan jirgin da ke tokare a kansa, baƙi, faɗinsa ya rufe sama. Ya dubi bangon ramin daidai gwiwarsa, inda ya kamata a ce tukunyar take. Waɗanda suka ga fitarsa sun ce ba su san yana da wannan saurin ba.

Kitsao ya same shi a bayan shagon walda yana shan ruwa.

"Baba, tsakaninmu. Yaushe ka cire ta?"

"Cire me?"

"Haba Baba. Na tuba, kakana ma ya yafe. Ina ka mayar da ita?"

Thoya ya ajiye kofin. "Ba kai ka ɗauke ba?"

"Ni? Taraktan nan rabonsa da birki mai kyau tun kafin in yi aure. Kana tsammani da me nake gangarawa da shi bakin ruwa?"

Kafin la'asar zancen ya zaga garejin. Athumani ya miƙe sandar ƙarfen, ya yi mata walda mai kyau a cikin shagonsa, ya ce shi Musulmi ne, babu ruwansa da tukunyar kowa, sai dai bayansa na ciwo, ba zai iya shiga rami ba. Sauran ma kowa ya sami abin da ke damunsa. Ronel ta ce za ta shiga da kanta, aka nuna mata cewa akalar sai mutum uku. Ta tambayi abin da ke faruwa, aka ce mata ana jiran sassan jirgin su huce.

Babbar cikar teku ta ƙarshe a wannan zagayen wata ranar Litinin ce. In ta wuce, jirgin zai zauna a tudu har wani zagayen, iskar da za ta kai Ronel kuma tana gab da juyawa. Ranar Juma'a ma'aikatan suka tura Mwanahawa ta gaya wa Thoya cewa ba su ƙi addu'a ba, amma suna so a haɗa da wani abu.

Ranar Asabar da safe an ga Thoya a tasha, sanye da kwat ɗinsa na coci, ya hau motar Kaloleni da baƙin zakara a cikin kwando. Babban limamin da zai naɗa shi a Kaloleni yake zaune, kuma an san shi da son naman kaza. Tsohon nan mai tukunya ma, in ji Mwanahawa, yana nan da ransa.