Sunan Mijin Inna Fatu

Sai da Nuriyya ta shekara ashirin da huɗu a duniya sannan aka sanar da ita cewa ita mutum biyu ce. Wata mata mai tabarau ce ta gaya mata, a ofishin ɗaukar ma'aikata na wani asibiti a Ikeja, ranar Litinin, bayan Nuriyya ta kayar da mutum sittin a jarrabawar aikin ɗakin gwajin jini.

Matar ta baje takardu a kan tebur. Na makaranta, tun daga firamare har kwaleji, sun ce Nuriyya Maigida. Katin ɗan ƙasa ya ce Nuriyya Sadisu.

"Wace ce a cikinsu ta zo neman aikin?" in ji matar da Turanci.

"Dukansu, madam. Motar danfo ɗaya muka hau."

Matar ba ta yi dariya ba. Ta ce a kawo takardar rantsuwa mai hatimi, mai nuna cewa Maigida da Sadisu mutum ɗaya ne, kafin ƙarfe biyu na ranar Juma'a. In ba haka ba, a ba wanda ya zo na biyu.

Asalin rigimar tsohuwa ce. Ranar da aka kai Nuriyya firamare a Agege, mahaifinta yana kasuwar Mile 12 ana sauke masa albasa, don haka mahaifiyarta, Inna Fatu, ce ta kai ta. Malamar, Bayarabiya, ta tambayi sunan uban yarinya. Inna kuwa tun da aka kawo ta Legas amarya daga wani ƙauye a bayan Kazaure, ba mahalukin da ya taɓa jin sunan mijinta a bakinta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Maigida." Malama ta rubuta. Da uban ya ga sakamakon zango na farko sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai ba ƙarya aka yi ba. Ya rasu shekara uku da suka wuce bai gyara ba.

Ranar Talata Nuriyya ta je ofishin rantsuwa, aka ce ta kawo wasiƙa daga firamaren. A firamaren aka ce ruwan sama ya cinye rajistar shekarar. Laraba ta kawo wasiƙar mai unguwa, aka ce mai unguwa ba hukuma ba ne. Ta tambaya, to hukumar da ta shekara goma sha takwas tana buga wa Maigida hatimi a takardun jarrabawa, ba ta taɓa tambayar ko gidan wa yake riƙe ba? Aka ce ta rage murya, nan ba kasuwa ba ce. Alhamis, bayan ta yi awa huɗu a kan benci, ogan ofishin ya yanke hukunci: wadda ta ba da sunan tun farko ita za ta zo ta faɗi na gaskiya da bakinta, a gabansa.

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Inna, kalma ɗaya ce fa. Ki faɗa, mu taho."

"Ke dai bokon nan ya cire miki kunya tas."

"Inna, Baba ya rasu."

"Don ya rasu sai ya daina zama mijina?"

"To ki rubuta musu da ajami."

"Hannun na wa ne? Ba nawa ba?"

"Aikin fa zai tafi! Shekara biyu ina zaune a ɗakin nan ina awon jinin sauro!"

"Allah ya kawo wani."

Nuriyya ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta rasa wa za ta fara shaƙewa. Ga gwamnati mai son jin suna da kunnenta alhali ba ta iya karanta wanda ke gabanta, ga uwa mai iya ratsa titin Oshodi da buhu a ka amma gaɓa uku sun gagare ta. Ba ta yi kuka ba. Ta goge wa Inna mayafinta mai ruwan toka, ta rataye a inda za ta gani.

Da safe Inna ta yafa shi ba tare da an roƙe ta ba. "Zuwa dai zan je," ta ce. "Ban ce zan faɗa ba."

Ogan ba ya jin Hausa, kuma ya ce 'ya ba ta yi wa uwarta tafinta. Aka kira wani akawu mai furfura, Nelson, mutumin Kafanchan. Ya gai da Inna, ya tsaya a gefe.

"Mama, oga ya ce mene ne sunan mijinki?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ka ce masa uban yarinyar nan."

Nelson ya fassara. Oga ya buga biro a tebur. "Suna nake so! Suna!"

Agogon bango ya nuna sha ɗaya da rabi. Nuriyya ta buɗe baki, oga ya ɗaga mata hannu.

Inna ta dubi ƙasa ta ce, "Ɗana, ka ce masa su maza shida ne a ɗakinsu. Akwai Rabi'u, Allah ya ji ƙansa. Sai Khamisu. To daga Khamisu sai shi."

Nelson ya dubi Inna, ya dubi Nuriyya. A hankali ya ce da Hausa, "Na tashi da maƙwabta Hausawa, Mama. Na iya lissafin." Ya juya ga oga. "Ta ce Sadisu, sa."

"Duk wannan dogon zancen shi ne Sadisu?"

"Haka Hausa take, sa. Doguwa ce."

Aka buga takarda, aka danna hatimi, aka rufe ofis don tafiya masallaci.

Sai a cikin danfo Nuriyya ta samu sukunin karantawa. Ta karanta sau biyu. Mai buga takardar ta ga sunan bai yi mata daidai ba, ta gyara shi da kanta: Sadiku.

"Lafiya?" in ji Inna.

"Sun ƙara mini uba na uku. Sadiku suka rubuta."

"Sadiku," Inna ta maimaita, da ƙarfinta, har kwandasta ya waiwayo. "Sadiku. Ai wannan da sun tambaye ni da na faɗa musu tun Talata. Ban san shi ba."

Biyu saura kwata suka isa asibitin. Nuriyya ta bar Inna a inuwar bakin ƙofa, ta hau bene tana shirya jawabin da za ta yi in an kama kuskuren, jawabi mai zafi wanda za a daɗe ana tunawa da shi a ofishin. Mai tabarau ta karɓi takardar. Ta ɗaga ta sama wajen haske, ta kankari hatimin da farce, ta gyaɗa kai, ta jefa ta cikin fayil. Ko layi ɗaya ba ta karanta ba.

"Litinin, ƙarfe takwas. Kada ki makara."

Nuriyya ta tsaya. Kwana biyar, ofis uku, da mutuncin tsohuwa, a kan takardar da ba mai karantawa. Maganar ta zo mata har maƙogwaro: madam, ki duba mana! Ta haɗiye ta da ƙyar, ta ce ta gode, ta sauko.

Inna na zaune a kan dakali, ta sayi gasasshiyar ayaba tana ɓarewa.

"Sun ɗauke ni, Inna."

"Alhamdu lillahi. Da wane sunan?"

"Wallahi ban tambaya ba," in ji Nuriyya. "Kuma ba zan koma in tambaya ba. Miƙo mini rabi."