Karen Ya'akubu Mahauci

Da Ya'akubu ya san abin da maƙwabcinsa zai roƙa, da bai yi saurin cewa "faɗi ko mene ne" ba. Amma haka bakinsa yake, kullum yana gaba hankali na biye. Manasse mutumin Biu ne, ma'aikacin reluwe, ya zo Yerwa a shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa garin, ya kama hayar gidan da ke jikin na Ya'akubu a unguwar Hausari. Matarsa Rhoda ce ta tsaya a kan Lauratu, matar Ya'akubu, ranar da haihuwa ta zo mata da gardama, har Allah ya raba lafiya. Wanda ya yi maka wannan, in ya zo da roƙo ai ba za ka tsaya auna nauyinsa ba.

To, roƙon kare ne.

An tura Manasse kwas Zariya shi da iyalinsa, sai baɗi, kuma gidan da aka ba su can ba a yarda da dabba ba. Saboda haka Duna, wani baƙin kare mai ɗingishi da cin tsiya, zai zauna ya tsare gidan haya, Ya'akubu kuma ya tsare Duna.

"Maƙwabci, abinci ba ya damuna, kai mahauci ne," in ji Manasse. "Lafiyarsa nake ji. Ka yi masa inshora."

"In yi masa me?"

"Inshora, irin wadda masu lori ke yi. Ka biya tun ana lafiya, ran da cuta ta zo ba sai ka yi ta faman neman mai magani ba. Na so in yi da kaina, tafiyar ta zo da gaggawa. Ka duba wadda ta fi, ka zaɓa. Ga abin biya."

Ya'akubu ya karɓa, don hannunsa ma irin bakinsa ne. Sai da jirgi ya tashi da su sannan abin ya sauko masa. Shi da aka haifa a Kano ya girma a fawa, ubansa mahauci, kakansa mahauci, ko ciwon kansa bai taɓa biya wa tun bai zo ba, yau shi ne zai bi gari yana neman wanda zai lamunce lafiyar kare. Ba wannan ne ma ya fi ci masa rai ba. Mahauci sunansa ne jarinsa. A Kasuwar Shanu in aka haɗa sunanka da kare sau ɗaya, ko da wasa, to ka gama sayar da nama, domin mai saye ba zai tambaye ka ba, wucewa kawai zai yi zuwa tebur na gaba. Teburin gaba kuwa na Garzali ne, wanda ya daɗe yana jiran Ya'akubu ya yi tuntuɓe.

Ya je wurin malamin unguwa ya yi tambaya a kaikaice. Malam ya ce kiwon kare don gadi ya halatta, kuma riƙon amana wajibi ne. Ya'akubu ya yi godiya ya fito yana ƙunƙuni, don mai sayen nama ba ya zuwa kasuwa da littafi.

Ya fara da ofishin likitan dabbobi, wanda ke jikin mayanka, inda kowace safiya mahauta ke yin layi a duba musu nama a buga hatimi. Ya bari sai da rana ta take kowa ya watse, sannan ya shiga kamar mai neman inuwa. Akawun wurin, Ba'ana, ya san shi sarai, ya tarye shi da gaisuwar Barebari.

"Wushe, Malam Ya'akubu. Yau kuma da rana?"

"Wani ɗan'uwana ne ya aiko ni. Wai yana da kare."

"Wai," in ji Ba'ana, yana murmushi.

Ya yi masa bayani. Likita ya buɗe asusun jinya: a biya sau ɗaya a shekara, a yi wa kare allurar hauka, a rataya masa lambar tagulla a wuya, duk cutar da ta same shi a kawo shi a duba kyauta. Ya'akubu ya ji abin ya yi daidai, har ya fara laluben aljihu. Sai Ba'ana ya ƙara da cewa dole a kawo karen da safe, lokacin da likita ke nan, kuma dole a rubuta shi da sunan magidanci mazaunin gari, wanda za a kama in karen ya ciji wani.

"A rubuta Manasse."

"Yana gari?"

"Yana Zariya."

"To in ya yi cizo, Zariya za mu je? Sunan ɗan'uwan naka za a sa." Ba'ana ya dube shi. "Ko naka."

Ya'akubu ya fito ko sallama bai yi ba. Da safe! A gaban layin mahauta! Wanda ya tsara wannan doka, in ji shi a ransa, bai taɓa sayar da ko ƙashi ba.

Lauratu ce ta ce ya koma ya yi inshorar ofis ɗin a wuce wurin. Ya ce mata ita ba ta san kasuwa ba. Ta ce ta dai san wadda ta riƙe mata hannu ranar da ta ga mutuwa da idonta. Ya ce ai ba Rhoda za a yi wa allurar ba. Daga nan ta ci gaba da tankaɗe da ƙarfin da ya fi wanda garin tuwon yake bukata.

Sai wani mai dakon fata ya ba shi labarin Madu, tsohon maharbi da ke bayan gari ta hanyar Zabarmari. Madu na da karnukan farauta garke guda, kuma duk mai karen da ba ya son zuwa ofis wurinsa yake zuwa. Ya'akubu ya same shi yana gyaran baka a gindin tsamiya.

"Afuno, karenka ne?" in ji Madu, yadda Barebari ke kiran Bahaushe.

"Na amana ne."

"Kare ba ta san amana ba, ta san mai ba ta abinci," in ji Madu, da Hausarsa ta Barebari. "Ni ba takarda, ba suna. Kowace ranar kasuwa ka ba ni huhu da saifa. Ta yi ciwo, ni ne. Ba ta yi ciwo ba, ni ne na hana."

Wannan ita ce inshorar da ta kwanta wa Ya'akubu a rai: ba suna, ba layi, kuma da kayan cikin da dama ba su cika fita ba za a biya. Suka tafa. Madu ya zo gidan Manasse ya buɗe bakin Duna ya leƙa, ya ɗura masa wani jiƙo mai wari, ya ɗaura masa laya a wuya. Duna ya yi amai a zaure, Madu ya ce alamar magani ya kama ke nan. Ya'akubu ya koma gida yana jin kansa mai dabara, har ya ce wa Lauratu a ƙara masa tuwo.

Abin da bai tambaya ba shi ne inda Madu zai riƙa karɓar huhun. Ranar kasuwa da hantsi, ciniki ya kankama, mata sun kewaye tebur, sai ga tsoho tafe da sandarsa, karnukansa duka a bayansa, harsuna a waje. Suka zo suka zauna a gaban teburin Ya'akubu a jere kamar an gayyace su suna.

"Afuno, na zo karɓar na kar..."

"Sadaka!" Ya'akubu ya daka tsawa har wata mata ta firgita. "Sadaka ce nake ba shi! Ungo, Baba, Allah ya karɓa, tafi!"

Garzali yana wasa wuƙa a teburinsa, sai dai ya daɗe yana wasa wuƙar nan fiye da yadda take bukata. Da yamma Ya'akubu ya bi Madu har gida ya roƙe shi don Allah ya riƙa zuwa Hausari. Madu ya yarda. Daga ranar, duk mako sai garken karnuka ya yi zaman dirshan a ƙofar gidan mahauci, yaran unguwa na kallo, Ya'akubu na ciki yana cizon yatsa. Duna kuwa ya yi ƙiba, ya kuma gane ƙamshin wanda ke jefo masa ƙashi ta kan katanga. In Ya'akubu ya yi tari a tsakar gidansa, sai an ji kukan murna daga can.

Ana cikin haka mahaukacin kare ya ciji wani mai ɗaukar kaya a kasuwar kifi ta Baga Road. Kwana biyu sai ga mai shela yana bin unguwa-unguwa da ganga: daga ranar Asabar 'yan doka za su bi gida-gida, duk karen da ba shi da lambar likita a wuya za a harbe shi, ko na waye.

Ya'akubu bai damu ba da farko, ai yana da inshora. Ya tafi bayan gari ya ji yadda za a yi. Ya tarar da gindin tsamiya wayam, ba baka, ba kare, sai toka. Wata mai tallan nono ta ce tun jiya Madu ya kwashe karnukansa ya yi daji, sai ƙura ta lafa. Ya'akubu ya tsaya riƙe da ƙugu. Huhun shanu nawa tsohon nan ya ci, ranar da aka bukace shi kuma inshorar ta ɗauki sandarta ta shiga daji!

Ya dawo ya zauna a zaure yana lissafin hanyoyin tsira, kowacce ya taɓa sai ta karye. Ya ɓoye karen a ɗaki? Duna ba ya iya shiru ko na ɗan lokaci. Ya aiki wani? Wa zai ba da sunansa a kama shi saboda karen wani? Ya bari a harbe, ya ce wa Manasse ƙaddara ce? Wannan ta fi sauƙi, kuma ita ce ya fi daɗewa yana juyawa. Ba wanda zai zarge shi. Sai dai ya san ranar da Rhoda za ta shigo gidan nan ta ɗauki yaron da ta karɓa da hannunta, ta tambayi Duna, shi kuma ya buɗe baki ya ce ƙaddara. Ya ji kunya tun ba a je ko'ina ba, kunyar kuma ta ƙara masa haushi.

Lauratu ta leƙo. "Malam, gobe Juma'a."

"Na san kwanaki, Lauratu."

Da safe ya bar namansa a mayanka a hannun masu dako, ya nemo igiya mafi tsawo a gidan don kada yawu ya taɓa masa riga. Wahalar banza. Yana buɗe ƙofa Duna ya yi tsalle ya dafa masa ƙirji ya lashe gemunsa. Haka suka ratsa Hausari, kare na gaba yana ɗingishi da fara'a, mahauci na baya yana salati da zagi a haɗe. Duk wanda bai taɓa fitowa da sassafe ba, ranar ya fito.

Layin mahauta ya kai bakin titi. Hira ta tsaya cak. Garzali ne ya fara magana, a hankali, yadda kowa zai ji.

"Ikon Allah. Ya'akubu, yau da ransa ka kawo a duba?"

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Ya'akubu bai waiwaya ba. Ya wuce gaban tebur, likita ya ce a riƙe kan karen da kyau, Ya'akubu ya durƙusa ya rungume wuyan Duna da hannuwan da yake yanka nama da su, aka tsira allura. Ba'ana ya tsinke layar Madu ya rataya tagulla, sannan ya ɗauki alƙalami. Ya rage murya, don shi mutum ne mai kara.

"Sunan wa zan sa?"

Ya'akubu ya ga ba sauran abin ɓoyewa, kuma raɗa ba za ta rage masa komai ba. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Ya'akubu mahauci, Hausari. Rubuta da kyau, kada a kama wani."

Ya mai da karen gida, ya yi wanka ya sake riga, ya wanke hannu har fata ta yi fari, sannan ya fita kasuwa. Labari ya riga shi isa. Namansa na ranar kuwa ba a magana, bijimi ne mai ƙiba, ga hatimin likita shuɗi a cinya kowa na gani. Mutane suka riƙa zuwa suna gaishe shi da kyau suna wucewa. Inno mai tuwo, wadda tun zuwansa Yerwa a wurinsa take saye, ta tsaya ta taɓa tsoka, ta yaba, ta ce bari ta dawo. Yana kallo ta tsaya gaban Garzali ta kwance bakin zane. Har la'asar ƙudaje ne kawai ba su guje shi ba.

Da magariba ta gabato ya sa aka kwaso naman zuwa gida. Lauratu ta dubi tulin, ta dube shi, ta ce a hankali za a iya yin kilishi. Ya zaro wuƙa ya yanko tsoka daga gadon baya, wurin da yake ajiye wa manyan masu saye, ya fita ya buɗe gidan Manasse. Duna ya taso da gudu, tagulla na ƙara a wuyansa. Ya'akubu ya jefa masa naman, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon yadda yake haɗiya ko tauna babu.

"Ci a hankali, ɗan banza," ya ce. "Gobe ma akwai."