Motar Burodi a Kan Layin Dogo

Hoton ya kai rabi ke nan sai kofin da ke kan tebur ya fara rawa. Graciete ta runtse ido. Taragon lantarki ne ya sake gangarowa ta ƙarƙashin tagarta, yana jijjiga tsohon benen tun daga tushe. Da ta dubi fuskar kwamfuta, furannin dardumar da take ɗaukar hotonta duk sun karkace kamar an taka su.

"Ya sake lalacewa ko?" in ji Senhor Anselmo, jami'in gidan tarihin da ya kawo dardumar. "Dona Graciete, da mahaifinki ne, da tuni ya danna sau ɗaya mun tafi cin abinci."

Maganar ta yi mata zafi, don kayan wankin hoton mahaifin nata ta sayar kaf, ta sayo wannan na'ura daga Denmark. Wani ɗan akwati ne da ake maƙala wa babbar kyamara a gurbin fim, kuma a Lisbon ta 1996 masu irinsa ba su cika hannu ba. Sai dai fa ba ya ƙyafta ido kamar fim. Layi-layi yake bi daga sama zuwa ƙasa, a hankali, har a dafa ƙwai a ci bai gama ba. Ƙasa ta motsa kaɗan, shi ke nan, aiki ya koma baya.

"Da agogon coci ya buga sha biyu zan naɗe kayana," in ji Anselmo. "Aikin littafin hotunan gidan tarihin gaba ɗaya zai koma hannun masu fim. Ba ƙiyayya ba ce."

Tsoro ya kama ta sosai. Ta je taga don kada ya ga fuskarta. Can ƙasa ta hango Firmino mai kai burodi, mutumin da ta shekara da shekaru tana zagi saboda ajiye mota a kan layin dogo, tarago ya tsaya yana buga ƙararrawa har kai ya yi ciwo. Yau kuwa, don tsabar mugunta, ya ajiye motar tsaf a gefen hanya.

Ba ta san lokacin da ta sauko ba.

"Maƙwabci!"

"Ban tare komai ba!" Ya ɗaga hannuwa duk garin fulawa. "Duba da kyau. Yau ba ki da abin faɗa."

"Tarewa nake so ka yi."

Firmino ya dube ta sama da ƙasa. "Ke da kika watso mini ruwan wanke-wanke bara?"

"Ruwan shayar da fure ne. Don Allah, maƙwabci, cin abincina ne a kai."

"To, ce ni gwanin tuƙi ne."

"Kai gwanin tuƙi ne."

"Ɗaga murya, matan unguwa ba su ji ba."

Ta ɗaga kuwa, har wata tsohuwa ta leƙo ta tsakanin shanyarta. Firmino ya shiga mota yana dariya, ya ja ta can saman gangara, ya gicciye ta a kan layin, ya buɗe murfin inji, ya tsaya yana kallonsa kamar mai ta'aziyya.

Graciete ta haye bene a guje ta danna maɓalli. Layi na farko ya fito, na biyu ya biyo. Daga nesa ƙararrawa ta fara, direban tarago na ihu, fasinjoji na ambaton kakannin Firmino ɗaya bayan ɗaya. Ihu dai ba ya girgiza gini. Kofin yana zaune lafiya lau, ita kuwa ko numfashin kirki ta ƙi yi.

Layi na ƙarshe ya sauka kafin coci ta ce uffan.

Anselmo ya matso. Ta ƙara girman kusurwa guda, sai ga kowane zaren ulu ya fito ɗaiɗai, har da wurin da shuɗin zaren masaƙiyar ya ƙare ta cike da wani mai ɗan duhu. Ya cire tabarau, ya je ya durƙusa gaban dardumar yana nema, ya dawo.

"Tun ina saurayi nake kula da dardumar nan," ya ce a hankali. "Ban taɓa ganin wannan ba."

Daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa.

"Akwai sauran ɗaki guda cike da su," in ji shi. "Gobe zan fara kawowa."

Sai a lokacin ta tuna da mutanen da ke tsaye a rana. Ta leƙa ta kaɗa wa Firmino farin ƙyalle. Nan take injin da ya mutu ya tashi da murɗawa ɗaya. Taragai suka gangaro a jere, benen ya yi ta rawa, ta bar shi ya yi abinsa.

Firmino ya tsaya daidai ƙarƙashin taga, a kan layin kamar kullum, ya leƙo da kai.

"Maƙwabciya! Gobe ƙarfe nawa motata za ta lalace?"