Wutsiyar Ɗamara

Kwaɗo ya bi bel ɗin ƙugu da yatsa har ƙarshe, sai ya ji ƙullutu inda bai kamata ba. Ya ɗaga shi saitin haske. An naɗe bakin bel ɗin riɓi uku, an bi shi da ɗinki mai ƙarfi.

"Malam tela, wannan fa?"

"Gyara na ƙara maka, Baba," in ji mai ɗinkin tamfol, bai ko ɗauke ƙafa daga kan keke ba. "Na ga bakin a sake, yana zamewa daga zobe. Yanzu ko mota ce ta ja shi, ba zai fita ba. Duk jakar da ta shigo shagon nan haka nake mata."

"Ai wannan ba jaka ba ce."

"To mece ce? Majanyin goyon ƙarfe?"

Mutumin bai yi ƙarya ba, majanyi ne. Faranti ne na ƙarfe da ke kwanciya a gadon baya, da bel biyu na kafaɗa da ɗaya na ƙugu, a kansa ake ɗaure tukunyar iska in za a yi nutso. Shekara ashirin da shida Kwaɗo ya yi yana goya ta a tashar jiragen ruwa, suna kankare gindin jirage shi da abokin aikinsa Dogo. Kuma duk wanda ya taɓa sauka ƙasan ruwa da irin wannan tsohuwar ɗamara ya san ba a toshe bakin bel. Ana zura shi cikin zobba biyu, a lanƙwaso shi baya, a bar wutsiya tana reto. Ranar da waya ko raga ta riƙe tukunya, fizga ɗaya mutum zai yi ya zame ya bar ta. Wutsiyar da tela ya ɗinke ita ce ƙofar fita.

Ya so ya yi masa faɗa, amma ta ina zai fara? Mutumin da ko wanka da bokiti yake yi. Ga shi ƙarfe uku ta wuce, asibitin da Dogo ke kwance kuma huɗu suke buɗe wa masu dubiya, biyar su kore su. Ya sayi reza a teburin da ke gefe, ya ce a ransa zai warware ɗinkin a cikin bas.

Bas ɗin ta zo a cike. A tsaye ya tafi, hannu ɗaya a ƙarfen sama, ɗaya rungume da faranti, rezar tana aljihu ba damar ciro ta.

Wata biyu ke nan da ɓarin jikin Dogo ya shanye, bakinsa ya rufe. Sau uku Kwaɗo yana zuwa, sau uku Dogo yana kallonsa kamar yadda yake kallon bango. Abin ya ci Kwaɗo ƙwarai, fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa, ko da ma yana da wanda zai faɗa wa. Matarsa ta rasu, 'ya'yan sun yi nisa, gaisuwarsu a waya ba ta wuce minti biyu. A layinsu Baba mai tukunya ake ce masa, saboda tsofaffin tukwane biyu da ke tsaye a kusurwar ɗakinsa suna tsatsa. Masu nutson yanzu riguna suke sawa masu kumbura da iska, in ya ba su labari sai su yi murmushin ladabi su duba agogo. A duniyar nan mutum ɗaya ya rage da ya san dalilin da ya sa ake ce masa Kwaɗo. In shi ma ya manta, shi ke nan.

Wata nas ce ta ce a kawo masa abin da hannunsa ya saba da shi. Shi ya sa Kwaɗo ya zaro ɗamarar daga ƙarƙashin gado, ya tarar bel ɗin ya ruɓe, ya kai ta ɗinki.

'Yar Dogo ta tarye shi a bakin ɗakin majinyata, idanunta duk sun faɗa.

"Sannu da zuwa, Kawu. Wannan kayan fa?"

"Na aikinmu ne. Ya jikin nasa?"

"Yana nan yadda ka bar shi. Ni ma yau bai kalle ni ba." Ta sake duban kayan. "Kawu, kada ka sa rai da yawa."

Kwaɗo ya ajiye farantin a kan cinyar Dogo. Ya kama hannun hagun, mai sauran motsi, ya ɗora a kan ƙarfen. Hannun ya zame ya koma kan bargo. Kwaɗo ya kira sunansa, ya ambaci jirage biyu da suka sha wahala a ƙarƙashinsu, ya tuna masa ranar da waya ta riƙe shi, Dogo ya biyo shi ya fizge wutsiyar. Idanun Dogo na kan fanka.

Saura kwata a kore su. Kwaɗo ya miƙe, ya zura hannuwa cikin bel ɗin kafaɗa, ya goya farantin a kan doguwar rigarsa, ya ɗaure ƙugu. Wata mata da ke jinyar mijinta a gadon gefe ta toshe baki da mayafi. Bai kula ta ba. Ya matso jikin gadon ya tsaya ƙiƙam, hannuwa a buɗe, yadda suke tsayawa a bakin kwalekwale. Dokarsu ce, ba mai sauka sai ɗan'uwansa ya duba masa ɗamara, ya ja kafaɗa, ya taɓa wutsiya, sannan ya buga masa hannu sau biyu a ƙirji.

Ya daɗe a tsaye. Sai hannun hagun ya taso a hankali. Ya kama bel ɗin kafaɗa ya ja. Ya gangaro ƙugu, ya laluba zobban, ya bi wutsiyar har ƙarshe, ya tsaya a kan ƙullutun. Ya murza shi. Ya fizga, bel ya cije a zobe. Ya sake fizga.

Dogo ya ɗago ido ya dube shi, duban da Kwaɗo ya sani sarai, na mutumin da ya gaji da sakarcin abokinsa. Ya tsuke ɓarin bakin da ke motsi, ya ja tsaki, sannan ya tura shi baya da tafin hannu.

"Baba!" 'Yar ta dafe ƙirji. "Kawu, me ya ce? Me yake nufi?"

"Cewa ya yi ba zan sauka ba." Kwaɗo yana dariya hawaye na zuba. "Ya hana ni shiga ruwa. Ya ce ɗamarata ba ta yi ba."

Dogo ya sake cafke wutsiyar, bai sake ta ba har maigadi ya shigo yana tafa hannu. Sai da 'yar ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

A komawa Kwaɗo ya samu kujera a jikin taga. Ya ɗora farantin a cinya, ya ciro rezar ya ɓare takardarta, ya sa bakinta a kan zaren farko. Aikin minti ɗaya ne. In ya gyara, gobe Dogo zai duba ya ga komai daidai, ya buga masa hannu sau biyu a ƙirji, ya sallame shi.

Ya mayar da rezar cikin takardarta, ya sa a aljihu, ya bar ɗinkin yadda tela ya yi shi.