Almakashin Baƙo Tela

Lawal na tsaye a ƙofar zaure da waya a kunne, yana ta "to, to", alhali ransa ya gama ɓaci. Da Hammadu yake magana, na ƙarshe cikin waɗanda maƙwabcinsa Baƙo Tela ya koya wa ɗinki, wanda yanzu yake aiki a wani babban shago a Kano. Ya gaya masa jikin tsohon ya yi tsanani, kuma ba abin da yake ambato sai a kira masa Hammadu ya zo ya koyi yanka.

"Baba Lawal, yanka kuma? Ai tuni na koya a waya. Duk zaman da na yi ina share masa shago, ko almakashi bai taɓa bari na riƙe ba. Allah ya ba shi lafiya."

Abin haushin, bai yi ƙarya ba. Duk Gwarzo an san halin Baƙo. Zai koya maka taka keke, ya koya maka aljihu da maɓalli, amma in za a yanka yadi sai ya aike ka sayen zare. Cewa yake duk wanda ya iya yanka ya gama da maigidansa, gara a bari sai ranar yaye. To ga shi ba wanda ya taɓa jira ranar ta zo. Wannan ya tafi Kano, wancan ya koma acaɓa, kowa da rabin sana'a a hannu. Da ido ya fara gaza wa Baƙo, ɗansa Taufiq, wanda ko allura bai iya zurawa ba, ya ce shi ya gaji da rainon 'ya'yan mutane suna guduwa. Ya ɗauko Mijinyawa, ƙwararren tela daga Kabo, ya danƙa masa shagon. Shi ma Mijinyawa, da Baƙo ya aika masa, sai ya ce a gai da Baba, amma shi da irin nasa yankan.

Lawal ya shiga ɗakin tsohon yana shirya ƙaryar da zai yi. Baƙo na jingine da bango, almakashi a cinyarsa, an shimfiɗa masa takardar buhun siminti a kan tabarma. Kallo ɗaya ya yi wa fuskar Lawal ya hutar da shi.

"Ba zai zo ba ko? Zauna. Kawo hannunka."

Lawal ya ce haba Malam Baƙo, shi da ba abin da ya sani sai fartanya, ga furfura har gemu. Tsohon bai ko saurare shi ba. Ya cusa masa almakashin, yatsun suka ƙi shiga sai da ƙyar. Ya shiga nuna masa yadda ake ninka yadi, da inda ake rage kafaɗa don kada riga ta ɗage ta baya, abin da mutane ke tasowa tun daga Garo saboda shi. Yana magana yana haki, Lawal na tauna takarda da almakashi kamar akuya. Wallahi tausayi da takaici suka cika shi. Abin da matasa suka yi shekaru suna roƙo, yau ga shi ana ɗura wa wanda ba zai amfana wa kowa komai ba.

"Wuya shi ne aikin," in ji Baƙo. "Bari in huta, sai in nuna maka wuya."

Bai kai la'asar ba.

Da aka kawo farin yadi, Mijinyawa ne ya yanka likkafanin, tsaf kuma cikin sauri. A hanyar dawowa daga maƙabarta ya ja Taufiq gefe, Lawal na ji, ya ce Allah ya ba da haƙuri, sai dai a fara neman wani, don an yi masa tayin aiki a Kano.

Lawal ya koma ɗakin ɗauko tabarmar zaman makoki. Takardar na nan inda suka bar ta, hannu ɗaya a karkace, kafaɗa ta fita, wurin wuya kuwa ko zane babu. Ya tsuguna ya daɗe yana kallonta, masu gaisuwa na ta sallama a waje.