Madubin da Ke Kan Soron Lauratu

Duk Ƙauran Namoda an san Malama Lauratu da abu biyu: koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata, da hawa soro bayan magariba da wani farin bututu mai ƙafa uku. Madubin hangen taurari ne. Ta saye shi tun tana sabuwar malama, a hannun wani Ba'indiye mai koyar da lissafi da zai koma ƙasarsu yana karyar da kayan gidansa. Abokan aikinta suka yi ta rububin firji da fanka, ita kuwa ta rungumo bututu. Mijinta Yari, wanda ke aiki a tashar jirgin ƙasa, ya daɗe yana yi mata dariya, daga baya kuma shi ya riƙa ɗaukar mata shi zuwa sama har Allah ya karɓi ransa.

Madubin ido ɗaya gare shi, sai mutum ya runtse ɗaya ya leƙa da ɗaya. Da ƙuruciya wannan bai dame ta ba. Amma da ta haura arba'in sai idon dama ya fara zubar da ruwa, in ta daɗe tana kallo kuma ta sauko da ciwon kai.

Wata Alhamis ta je kasuwar Shinkafi, ta biya ta rumfar Alhassan, aminin marigayi mijinta, mai sayar da rediyo da agogo da tarkacen da yake kwasowa daga Maraɗi. Bayan sun gaisa ya ce ya ajiye mata wani abu. Ya ciro wani kan madubi baƙi mai ido biyu daga cikin akwati, ya ce wanda ya sayar masa ya tabbatar masa a bakin irin madubinta ake cusa shi, mutum ya kalli sama da idanunsa duka biyu. Ya ce ta tafi da shi ta gwada, in ya yi mata su yi ciniki, in bai yi ba ta maido.

Ta gwada shi, ya kuma raba mata hankali. In ta saita shi a kan wata, sai ta ga duwatsu da ramuka sun taso kamar ta miƙa hannu ta shafa, idonta bai yi ruwa ba, kanta bai sara ba. Amma in ta juya wajen ƙananan taurari masu rauni, waɗanda ta fi ƙauna, sai su dusashe, domin hasken da ke shiga ido ɗaya ne ake raba wa biyu. Ga shi da nauyi, yana rinjayar bututun, sai da ta ɗaura dutse a ɗaya bakin kafin ya tsaya. Kuma ba ta da abin sayensa sai ɗan bijimin da take kiwatawa don gyaran ɗakin da damina ta ci. Ta auna nan, ta auna can, ta ga tsohon idonta ɗaya ya ishe ta. Ta naɗe kan a cikin tsohon zane, da niyyar ta mayar wa Alhassan kayansa.

Kafin ta samu zuwa Shinkafi sai ga yayanta Shamsuddeen daga Gusau. Tun da aka ba Zamfara jiha ya bar koyarwa ya shiga wata ma'aikata, da aka ƙaddamar da shari'a kuma aka ƙara masa girma. Mutum ne mai tsoron abin da za a faɗa. Ya zauna a zaure, ya ƙi ruwan da ta kawo, ya ce maganarta ta kai har ofishinsu. Ana cewa ƙanwarsa duba take yi da taurari, mata na zuwa wurinta tana faɗa musu abin da zai same su. Wasu kuma na cewa gidajen maƙwabta take leƙe daga saman soro.

Lauratu ta san inda zancen ya fito. Watannin baya wata mata ta sallamo mata, ta roƙe ta ta duba mata ko mijinta da ya tafi Kurmi zai dawo. Ta gaya mata gaibu Allah kaɗai ya san shi, ita duwatsun wata take kallo. Matar ta fita da fushi, ta riƙa yaɗa cewa masu kuɗi kaɗai malamar take yi wa duba. Lauratu ta kwashe wannan duka ta gaya wa yayanta, amma bai ko ɗaga kai ba.

"Ni ban ce kina yi ba," in ji shi. "Amma lokacin ga ba na wasa ba ne. Ki sauko da abin ga, ki sa shi ƙarƙashin gado, mutane su manta."

"Yaya, in na ɓoye shi yau, ai na amsa laihin da ban yi ba."

Ya ce sunan gidansu ya fi bututu. Ta ce sunan gidansu ba a kan ƙarya aka gina shi ba. Da ya ga ba za ta lanƙwasu ba sai ya tashi, ya ce su haɗu Zurmi ranar Juma'a gaban Kawu Labbo, ƙanen mahaifiyarsu, malamin da ya biya musu karatu su duka biyun tun suna yara. Abin da ya yanke shi ke nan.

Ranar Juma'a ta naɗe bututun a tabarma, ta sa aka ɗaure shi a saman mota. Kan mai ido biyu kuwa ta riƙe shi a cinya har Zurmi. Ba don tana so ta burge kowa ta ɗauko shi ba. Ta san tsohon ba ya iya runtse ido ɗaya tun wani ciwo da ya taɓa shanye masa gefen fuska, kuma ba ta yarda a yanke mata hukunci a kan abin da ba a gani ba.

Bayan la'asar Shamsuddeen ya yi nasa bayanin, ya jawo maganar mutunci da matsayin da Allah ya ba gidan. Kawu Labbo ya saurara yana jan carbi. Da aka zo kanta ba ta yi dogon zance ba. Ta kafa madubin a tsakar gida, domin rabin wata ya riga ya fito tun rana ba ta faɗi ba, ta nemi dutse ta ɗaura, ta kama hannun tsohon ta kai shi.

Ya daɗe a sunkuye. Ya ɗago ya dubi watan da idonsa, ya sake sunkuyawa. Sannan ya tambaye ta ko da wannan ana ganin Zuhal da Mushtari, taurarin da ya karanta sunayensu a littattafan lissafin lokaci. Ta ce ana gani in duhu ya yi, Zuhal har da zobe gare shi. Ya yi tasbihi a hankali, ya koma kan buzunsa.

Ya ce shi bai ga haram a nan ba. Kallon halittar Ubangiji daban, da'awar sanin gaibu daban, kuma duk wanda ya haɗa su ya yi wa ɗiyarsa ƙazafi. Zuciyar Lauratu ta yi sanyi, amma tsohon bai gama ba. Ya ce sai dai zumunci ma haƙƙi ne, ɗan'uwanta yana cikin idon mutane, saboda haka ta yi haƙuri ta jingine abin shekara ɗaya ko biyu har ƙurar ta kwanta.

Ta durƙusa a gabansa, kanta a ƙasa.

"Kawu, in ka ce haram ne, yanzun ga ni hwasa shi gabanka da dutsen ga. Amma ka ce halal ne. Ba ni ɓoyon halal awa kayan sata."

"Ɗiyata, shawara ce ni ba ki."

"Na ji, Kawu, na kuma gode. Ka gahwarce ni, ba ni iyawa."

Shamsuddeen ya sa takalmansa ya fita ba sallama. Da za ta tafi, addu'ar da Kawu Labbo ya yi mata gajera ce, ba irin wadda ya saba ba. Wannan ya yi mata ciwo fiye da fitar yayanta. Ta yi kuka a mota, ta rufe fuska da mayafi har suka wuce gonakin dawa na bakin gari, amma ko sau ɗaya ba ta ji a ranta cewa ta koma ta janye ba.

Ranar kasuwar Moriki ta sa aka kai bijimin aka sayar. Alhamis ta zagayo ta je Shinkafi ta zauna a rumfar Alhassan. Ya tambaye ta yadda ta ga abin, ta lissafa masa aibobinsa ɗaya bayan ɗaya, duhunsa da nauyinsa da dutsen da sai an ɗaura. Ya miƙo hannu zai karɓi kayansa, sai ta ce ciniki ta zo yi. Ya dube ta da mamaki, ya ce to me ya sa.

"A da ni kaɗai ke kallo," ta ce. "Yanzu kowa zai kalla, kuma ba kowa ya iya runtse ido ba."

Daga wannan makon ta daina hawa soro. Sai ta riƙa kafa madubin a filin da ke gaban makaranta, inda masu dawowa daga masallaci ke wucewa, bakin bututun yana duban sama kowa na gani. Da farko mutane suka riƙa ratsewa ta nesa. Wasu matasa masu wa'azi suka zo suka tsaya a kanta, ta matsa gefe ta ce bismillah, su duba da kansu su gaya wa gari abin da suka gani. Ɗaya ya leƙa, sauran suka ƙi. Ɗalibanta suka fara zuwa da iyayensu mata. Maganar duba ba ta mutu gaba ɗaya ba, amma maganar leƙen gidaje ta mutu, domin ba wanda ya iya faɗinta a gaban mutanen da suka ga zoben Zuhal da idanunsu.

Da zangon karatu ya ƙare shugabar makaranta ta kira ta, tana ta kauce wa idonta, ta ce an mayar da ita wata ƙaramar makaranta a Birnin Tsaba. Ba a faɗi dalili ba. Lauratu ba ta taɓa sanin ko da hannun yayanta a ciki ba, ba ta kuma tambaye shi ba. Abokan aiki suka ce ta je Gusau ta yi roƙo, ta ce ba ta yi laifin da za ta roƙi kowa ba. Ta ba wata 'yar'uwar mijinta riƙon gidan, ta ɗaure kayanta.

A Birnin Tsaba aka ba ta ɗaki a gidan wata tsohuwa mai suna Tambari, mai sayar da daddawa. Tun ranar farko Tambari ta ga ana sauke bututun, ta tambaya ko bindiga ce. Lauratu ta ce ta bari rana ta faɗi. Da yamma ta yi, Lauratu ta kafa shi kusa da rumbun gero, tsohuwar ta goge hannunta a zane ta sunkuya. Ta jima tana kallo, sannan ta ce ashe watan nan duk ƙuraje ne a jikinsa, ita da take ganinsa sumul tun tana yarinya. Ta ɗaga murya ta kira matan maƙwabta ta kan katanga, ta ce su bar dakan nan su zo su ga abin da baƙuwarta ta kawo. Lauratu ta gyara tsayin ƙafafun madubin daidai da tsawonsu, ta ce su yi layi, mai goyo ta fara.